Injin wankina ya daina matse kaya, an ce farin ɓawon ruwa ne ya kama shi

Maman Hanifa (Garwa, Yelwa):
Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da zafi. Don Allah shawara nake nema. Injin wankina irin mai ƙofa ta gaba ne, mai cin kilo 7, maigidan ya sayo min shi na gwanjo shekara uku da suka wuce, kuma bai taɓa ba ni ciwon kai ba sai yanzu. Sati biyu ke nan da ya canza hali. Yana wanki lafiya, yana ɗauraya, amma da ya zo wajen matsewa sai ya yi ta juyi a hankali, ya tsaya, ya sake juyawa, ya tsaya, har lokacinsa ya cika. In na buɗe sai in tarar da kaya sharkaf, ga ɗan ruwa kwance a ƙasan gangar da ake zuba kayan. Jiya da hannu na matse zannuwan gado biyu, ga shi tun haihuwar Hanifa bayana bai koma daidai ba. Maƙwabciyata ta ce farin abin nan da ke kama cikin buta shi ne ya kama cikin injin, don ruwanmu na rijiyar burtsatse ne. Ta ce in juye binigar kwalba guda in kunna shi babu kaya. Akwai wanda ya taɓa gwadawa? Ina tsoron garin neman gira in rasa ido.

Hajiya Dije (Marwa, Domayo):
Wa alaikumus salam. Maƙwabciyarki ta faɗa miki gaskiya, ƙanwata. Ni duk wata uku nake yi wa nawa, farin binigar lita guda, in sa shi a wankin ruwan zafi babu ko tsinke a ciki. Ruwan da ke fitowa sai kin gani da idonki, fari-fari kamar ruwan tsarin gero. Shekara shida injin nan yana hannuna. Ki yi kawai.

Sadiya (Ngaundere):
Mamanmu lemon tsami take matsewa ta zuba, gidan ma har ƙamshi yake yi.

Ɗanladi direba:
Duk wannan wasa ne. Ki aika a sayo miki asid ɗin nan da masu gini ke wanke tayil da masai da shi. Rabin kofi ya isa, minti goma zai cinye komai.

Malam Buba mai gyara (Garwa):
Ɗanladi, don girman Allah ka goge wannan maganar kafin wata ta gani ta aikata. Maman Hanifa, kada ki kuskura. Asid ɗin wanke tayil ba ɓawon kaɗai yake ci ba. A bayan gangar da kike gani akwai wani ƙarfe mai hannu uku wanda ke riƙe da ita, na alminiyam ne. In asid mai ƙarfi ya ci shi ya karye, gyaran sai ya kusa kuɗin wani injin. Ga ƙarfen dumama ruwa, ga robobi. Na taɓa kwance injin da aka yi wa haka, cikinsa kamar gara ta shiga.

Sannan ina so in faɗi abin da ba zai yi wa Hajiya daɗi ba, ta yi min afuwa. Na fi shekara goma ina gyaran firji da injin wanki, kuma injinan da ake kawo min da ciwon ƙin matsewa, kaɗan ne ƙwarai na tarar ɓawon ruwa ne musabbabi. Ɓawon nan wurin zamansa jikin ƙarfen dumama ruwa ne. Abin da yake jawowa shi ne ruwa ya yi jinkirin zafi, wuta ta ƙaru, wata rana ƙarfen ya ƙone. Matsewa kuwa hanyarta daban. An gina injin ne ya ƙi gudu matuƙar yana jin akwai ruwa a cikinsa. Kin ce kina tarar da ruwa a ƙasan gangar, to a nan maganar take. Ruwa ba ya fita da kyau.

Ki duba ƙasan injin ta gaba, yawanci ɓangaren dama, akwai wata 'yar ƙofa mai kusurwa huɗu ko zagaye. Bayanta akwai murfi da ake murɗawa, shi ne matatar famfon da ke zuƙe ruwa waje. Tun da aka sayo shi kin taɓa buɗewa?

Maman Hanifa:
Wallahi Malam ban ma san ana buɗe wurin ba. Na ɗauka ado ne.

Hajiya Dije:
Malam Buba, ni ba na jayayya da mai sana'a a kan sana'arsa, amma abin da na gani da idona ba za a ce min ban gani ba. Bara nawa ya yi irin wannan nauyin jikin, na zuba binigar sau biyu a jere, ya warware. Ban kira kowa ba, ban kashe ko sefa ɗari biyar a wajen mai gyara ba. Ku kullum kuna so a ce sai an kira ku.

Malam Buba mai gyara:
Hajiya, ai abin da nake gaya mata ma ba sai ta kira ni ba, da hannunta za ta yi, kyauta. Kuma ban ƙaryata ki ba, zan dawo kan naki.

Maman Hanifa, ga yadda za ki yi. Da farko ki zare filogi daga soket gaba ɗaya, ba kashe maɓalli kawai ba. Gidajenmu da yawa babu wayar ƙasa a soket, ke kuma za ki tsaya a jiƙaƙƙen siminti, don haka ki sa silifas na roba. Ki tanadi faranti mai faɗi wanda zai shiga ƙarƙashi da tsummoki da yawa, don ruwa zai zubo fiye da yadda kike zato. In akwai ɗan siririn tiyo kusa da murfin, ki zaro shi ki cire toshiyarsa, ruwan ya tsiyaye a faranti, ki zubar, ki sake, har ya ƙare. In babu, ki murɗa murfin kaɗan-kaɗan ta hagu, ruwa ya fito ki maida, ki zubar, haka dai. In ya ƙare ki zare murfin duka. Ki haska ramin da fitilar waya, za ki ga wata 'yar farfela a can ciki. Ki sa yatsa ki juya ta. In tana juyawa da ɗan tsalle-tsalle, lafiyarta ƙalau, haka take. In ta cije, akwai abin da ya maƙale.

Ki kuma leƙa bayan injin ki ga ko tiyon fitar ruwa ya lanƙwashe, ko an tura injin ya danne shi da bango.

Malam Abdulƙadir (malamin kimiyya, Ngaundere):
Salamu alaikum. Na biyo zancen tun daga sama, bari in sa baki a ɓangaren da na sani, na inji kuwa na bar wa Malam Buba.

Ruwan da ya daɗe a ƙarƙashin ƙasa yana narkar da sinadaran kalsiyam da magniziyam daga duwatsu. Ba a ganinsu, ruwan garau yake. Amma da an dafa shi sai su fito su zama dutse, irin sinadarin da ke cikin alli da ɓawon ƙwai. Shi ya sa cikin butar shayi ke yin fari, randa kuwa ba ta yi sosai. Abin yana tsananta ne in zafin ruwa ya haura digiri 60. Wadda ke wanki da ruwan sanyi ko digiri 30 kullum, ɓawon da injinta ke tarawa kaɗan ne. Abin da ya fi taruwa mata shi ne wani dasashi mai santsi, haɗin sabulu da kalsiyam da dauɗar jiki, mai launin toka, mai wari.

Ga gwajin da ba ya cin kuɗi. Duk abin da kika tono a matatar, ki ɗauki ɓarɓashin ki sa a murfin kwalba, ki ɗiga masa binigar ko lemon tsami. In ya yi ta tsiyayar kumfa yana ƙara siii, ɓawon ruwa ne. In ya zauna shiru, yashi ne ko dasashin sabulu, kuma tsami ba zai yi wa yashi komai ba ko ya kwana a ciki.

Sadiya 'yata, ki gaya wa Mama lemon tsami yana da amfani amma ƙarfinsa kaɗan ne ga inji. Tsamin da ke cikin ruwansa bai wuce kashi 5 zuwa 6 cikin ɗari ba. Kafin a sami giram 100 na tsamin sai an matse wajen lita biyu, ga 'ya'yansa da ɓargonsa da za su je su zauna a matata. Wannan tsamin dai shi ake sayarwa gari, fari kamar sukari, a jikin leda za ki ga an rubuta acide citrique ko E330. Masu haɗa lemo da alewa suna amfani da shi, ana samunsa wajen masu sayar da kayan haɗa sabulun ruwa.

Gwaggo Hauwa (Garwa, Marware):
Ni dai jikata ce ke rubuta min. Ku 'yan yanzu kun sha wahalar banza. Mu da muka tashi, in ruwa ya ƙi kumfa, kanwa muke jiƙawa mu tsiyaye ruwanta a bahon wanki, sabulu ya kama nan take. Ba mu san binigar ba. A sa wa injin kanwa mana.

Malam Abdulƙadir:
Gwaggo, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Abin da kuka yi ilimi ne sosai. Kanwar da ake haƙowa a yankin tafkin Cadi tana ɗauke da sinadarin da Turawa ke sayarwa a kwali don tausasa ruwan wanki. Tana kama kalsiyam ɗin ta kwantar da shi, sabulu ya sami damar aiki. Sai dai aikinta hana sabon ɓawo ne, ba ta narkar da wanda ya riga ya daskare, don ita kishiyar tsami ce. Kuma kanwar kasuwa cike take da yashi, in aka zuba ta kai tsaye a inji an ƙara masa ciwo. In ta yi yawa ma tana cin alminiyam ɗin da Malam Buba ya ambata. A baho dai Gwaggo, naku ya fi.

Wannan ya tuna min da wata magana da nake gani tana yawo, wai a haɗa binigar da bikarbonat, wato farin garin sodar nan da ake sa wa fulawa. Kumfar da ke tashi tana burge ido, amma kashe juna suke yi, abin da ya rage kusan ruwan gishiri ne. Wanda ya fi wannan muni, wanda nake roƙon kowa ya riƙe: kada a taɓa haɗa jabel, wato ruwan bilic, da binigar ko garin tsami ko wani asid. Iska mai guba ce ke tashi, kulorin, kuma ɗakunan wankinmu ƙanana ne marasa taga. In an sa jabel a wankin baya, a ɗauraye injin da ruwa zalla kafin tsami ya shiga.

Ɗanladi direba:
To na goge. Ni a radiyetar mota na ga ana yi, na ɗauka duk ɗaya ne. A yi haƙuri.

Maman Hanifa:
Jama'a na dawo. Na buɗe. Innalillahi! Ruwan da ya fito baƙi ne, warinsa har tsakar gida, faranti huɗu na zubar. Ga abin da na ciro: tsabar kuɗi biyu, ta sefa 100 da ta sefa 25, duk sun yi baƙi, fil ɗin ɗankwali guda uku, ƙwayar carbi biyu, gashi da zare sun naɗe wuri guda kamar gidan tsuntsu, sai safar Hanifa ƙafa ɗaya da na yi wata biyu ina nema har na zargi yarinyar da ke taya ni aiki da yar da ita. Sai na nemi yafiyarta gobe. A ƙasan ramin akwai yashi kusan cokali biyu da wasu fararen ɓarɓashi kamar fasasshen ɓawon ƙwai. Na ɗiga musu lemon tsami kamar yadda Malam Abdulƙadir ya ce, fararen sun yi kumfa, yashin bai motsa ba. Farfelar da farko ta cije, wani fil ne ya gitta mata, da na zare shi ta juya.

Na maida murfin, na sa tawul uku na danna matsewa kaɗai. Ya ɗauka da gudu har yana wannan kukan nasa da na manta da shi. Kaya sun fito da ɗan danshi kawai. Malam Buba, Allah ya saka da alheri, ya yi wa zuri'a albarka.

Hajiya Dije:
Masha Allah. Amma kun ji da bakinta, fararen sun yi kumfa. Ke nan ɓawon yana nan.

Malam Buba mai gyara:
Amin, Maman Hanifa. Ki tabbata kin ɗaure murfin tam, ki duba ƙasa bayan wanki na gaba ko yana yoyo.

Hajiya, yana nan, kuma yanzu zan cika alkawarin da na yi miki. Akwai hanya ɗaya da nake yarda cewa dasashi da ɓawo suna hana matsewa, ina jin ita ce ta same ki bara. Ta yaya inji ke sanin ruwa ya ƙare a cikinsa? Ba ido gare shi ba. A ƙasan bahon da gangar ke ciki akwai wani ɗan kurtu na roba, daga shi wani siririn tiyo kamar na ƙarin ruwan asibiti ya hau sama zuwa wata 'yar na'ura. In ruwa ya shiga baho sai ya tura iskar da ke cikin tiyon, na'urar ta ji nauyin. In ruwa ya fita iskar ta saki, sai ta ba da izinin gudu. To in dasashin sabulu da ɓawo suka toshe bakin kurtun nan, iskar sai ta maƙale, injin ya yi ta zaton yana cike da ruwa alhali babu ko ɗigo. Wankin ruwan zafi da tsami yana iya narkar da wannan toshiyar. Don haka kin yi gaskiya a naki. Bambancin shi ne ke gangarki a bushe take yana ƙin gudu, ita kuwa ruwa ne kwance. Inda muka saɓa da ke shi ne a ce wa kowa ya fara da binigar. Da ta zuba kwalba goma, safar nan tana nan inda take.

Abu na biyu, lita guda duk wata uku ya yi yawa a ganina. Binigar ɗin da ake sayarwa a nan yawanci mai lamba 8 ne a jikin kwalba, wato tsaminsa kashi 8 cikin ɗari, kuma in ana yawan yi yana busar da robar ƙofa da ta cikin tiyo. Ki shafa robar ƙofarki ki ji ko ta fara tauri ko tsagewa.

Hajiya Dije:
Na shafa. Akwai 'yar tsaga ta ƙasa, amma shekara shida fa, ga zafin Marwa da ke busar da ko tayar mota. Ba zan ɗora wa binigar ba. Zan dai rage.

Baban Khalil (Kuseri):
Ku yi haƙuri in shigo da nawa. Namu irin mai baho biyu ne, gefe na wanki gefe na matsewa, daga kasuwar Njamena na tsallako da shi ta gadar Ngeli. Gefen matsewar sai ya yi ta gurnani ba ya tashi, sai madam ta juya kwandon da hannu sannan ya ɗauka. Shi ma garin tsamin za a sa?

Malam Buba mai gyara:
A'a Alhaji, kada ka ɓata kuɗinka. Mai baho biyu ba shi da ƙarfen dumama ruwa, ɓawo ba ya damunsa. Alamar da ka faɗa, gurnani sai an tura da hannu, kusan kullum kondansa ce ta mutu, wata 'yar gwangwani da ke ba motar injin ƙarfin tashi. Ba ta da tsada, amma a sayi mai lamba daidai da tsohuwar, kuma kada ka taɓa wayoyinta da hannu don tana riƙe wuta ko bayan an zare filogi. In an canza bai tashi ba, a duba wayar birki da ke haɗe da murfi, takan saki ta bar birkin a kame. A kuma duba robar da ke ƙasan kwandon, in ta yage ruwa na ɗiga kan motar har ta ƙone. Kuma ka hana madam sa hannu a kwandon yana kunne. Na ga yatsan da ya karye a haka.

Adda Mairo (Njamena):
Ni abin da na lura da shi ba a ambata ba shi ne omo. Da na sayi nawa, omon wankin hannu nake zubawa, cikin gwangwanin tumatir biyu. Kumfa har ta rufe gilashin ƙofa. Sai ya zo matsewa ya yi ta ɗaurayewa yana sakewa ba ya gamawa. Ƙanen maigidana ne ya ce min famfon ba ya iya zuƙar kumfa, injin kuma yana jin ta kamar ruwa. Na koma na inji, mai ƙarancin kumfa, na rage mudu, shi ke nan. Mu mata mun saba in ba mu ga kumfa ba gani muke kaya ba su fita ba.

Sai kuma babbar riga. In na sa ta maigida ita kaɗai, shadda mai nauyin aiki, ta sha ruwa ta dunƙule gefe guda, injin ya yi ta jijjiga sai ya haƙura da gudun. In na haɗa ta da tawul biyu sai ya matse lafiya.

Malam Buba mai gyara:
Adda, kin gama magana. Injina masu allon rubutu ma suna faɗin ciwonsu da kansu in an san karatun. A LG, OE na nufin ruwa bai fita ba, UE kaya sun taru gefe guda. A Samsung, 5E ko 5C shi ne na fitar ruwa, UE ko Ub na rashin daidaiton kaya. Ganga mai juyi 1000 ko 1200 a minti guda, in nauyi ya karkata za ta iya farfasa kanta, shi ya sa yake ƙin tashi. In duk waɗannan lafiya suke amma gangar ba ta da ƙarfi, sai a zo kan bel da ya saki, ko kabon ɗin mota da ya cinye a tsofaffin injina. Wannan kam a kira mai gyara.

Maman Hanifa:
To yanzu tunda fararen nan sun yi kumfa, ina so in wanke cikin gaba ɗaya in huta. Na sami garin tsamin a babbar kasuwa. Nawa zan sa, kuma yaya?

Malam Abdulƙadir:
Ga mai kilo 7, giram 100 ya isa, wato kamar cokalin cin abinci shida zuwa bakwai. Ki narkar da shi a kofin ruwan ɗumi ki zuba a cikin gangar, babu kaya, babu omo. Ki zaɓi wankin auduga mai digiri 60, ba tare da wankin share fage ba, don kada ya zubar da tsamin tun farko. Kada ki kai shi 90 da zaton zai fi ci. In zafi ya yi yawa, tsamin da kalsiyam suna iya haɗuwa su zama wani farin gari mai wuyar narkewa, a koma gidan jiya. In ya gama ki ƙara ɗauraya ɗaya da ruwa zalla.

Malam Buba mai gyara:
Ƙari a kan na Malam: ki zaɓi lokacin da kike da yaƙinin wuta. Wankin nan yana cin wajen awa biyu, ƙarfen dumama ruwa kuma yana jan kusan wat 2000, ƙaramin janareto ba zai ɗauka ba. Yanzu muna watan Afrilu, ruwan madatsar Lagdo ya ja baya kamar yadda yake yi kafin damina, kin san yadda wuta ke zuwa tana tafiya. Ba na so tsami ya kwana a cikin injin. Da safe ya fi, don da magariba in kowa ya kunna fanka da firji wutar takan yi rauni ta sauka ƙasa da 220, motar ma ba ta samun ƙarfin gudu. Akwai waɗanda ke kawo min inji lafiyayye, ciwonsa kawai da dare ake kunna shi ba regilata, na'urar daidaita ƙarfin wuta.

Maman Hanifa:
Salamu alaikum, kwana biyu shiru, ga yadda aka yi. Ranar Asabar bayan sallar asuba na yi wankin tsamin, Allah ya taimaka wuta ba ta motsa ba. Na tara ruwan da ya fito a bokiti don in gani, fari ne da dauɗa-dauɗa, ƙasansa ɓarɓashi ya kwanta. Na ji daɗi. Da rana na zuba kayan makarantar yara, sai ga shi ya koma halinsa na da, juyi a hankali, ruwa a ƙasan ganga. Gabana ya faɗi, na ce shi ke nan na kashe shi da hannuna, me zan gaya wa maigidan. Har na ɗauki waya zan kira mai gyara sai na ce bari in sake buɗe 'yar ƙofar nan. Na jira ruwan ya huce na buɗe. Matatar cike take taf da ɓawo, manya-manya kamar farcen babban yatsa, wasu da lanƙwasar ƙarfen da suka ɓanɓaro daga jikinsa, haɗe da wani baƙin dasashi mai yauƙi. Na wanke ta da tsohon buroshin haƙori, na maida. Tun daga nan wanki huɗu na yi, yana matsewa kamar ranar da aka kawo shi. Warin rumar da ke kama tawul ma ya tafi.

Malam Buba mai gyara:
Laifina ne da ban gaya miki ba, ki yafe ni. In inji ya shekara da shekaru ba a wanke shi ba, tsamin ba ya narkar da ɓawon duka, ɓanɓaro shi yake yi, duk kuma matata yake nufa. Ki sake buɗewa bayan wanki biyu ko uku, akwai saura a hanya. Daga nan ki riƙa buɗe ta duk wata biyu, ki riƙa lalube aljihun yara kafin ki zuba kaya, ƙananan safa kuma a sa su cikin jakar raga. Yashin da kika gani daga rijiyar yake. Inda tiyon shigar ruwa ya haɗu da bayan injin akwai wata 'yar raga, ki rufe famfo ki kwance ki wanke ta. Tsamin kuwa sau biyu a shekara ya ishe ki tunda ba kullum kike wankin ruwan zafi ba.

Hajiya Dije:
Alhamdulillahi ƙanwata. Ni ma jiya na sa Aminu ya buɗe tawa matatar, mabuɗin kwabar da muka fasa bara saboda ɓatansa muka tarar a ciki. Malam Abdulƙadir, garin tsamin nan in na saya da yawa yana lalacewa? Zafin Marwa nake ji.

Malam Abdulƙadir:
Zafi ba ya yi masa komai, Hajiya, danshi ne abokin gabarsa. Ki juye shi a kwalba mai murfi kafin damina, in ba haka ba zai dunƙule ya zama dutse. Ki rubuta suna a jiki ki ɗora a sama, don kamarsa ɗaya da sukari, yara na iya ɗiba.

Baban Khalil:
Malam Buba, kondansar ce. An canza yau da safe, yana tashi da kansa. Sai dai yaron da ya gyara ya ce robar ƙasan kwandon ta fara yagewa kuma bai samu irinta a Kuseri ba. Ko ana samu a Garwa in aiko direba da tsohuwar?

Malam Buba mai gyara:
Ka aiko da ita Alhaji, a sa a leda tare da lambar injin da ke rubuce a bayansa. Kafin ta iso kada a cika gefen matsewar da kaya masu ɗigar ruwa sosai, a ɗan tsane su da hannu tukuna.